BABI NA UKU: HANYOYIN TALLAFA WA MATASA MASU RUHI BIYU A TSAKANIN 'YAN ASALIN ƘASAR KANADA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar Kanada, wato ƙabilun da ake kira Al'ummomin Farko, da Inuwit mazauna yankin ƙanƙara, da kuma Meti, waɗanda suka samu daga auratayya tsakanin 'yan ƙasa da Turawa 'yan fataucin fata. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa adadinsu ya kai kimanin miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba wani rukuni na matasansu da ake kira masu ruhi biyu. Za a fara da ma'anar sunan, sannan a duba abin da ya raba su da matsayin da suke da shi a da, kafin a zo kan hanyoyin da ake bi a yau domin kare lafiyarsu da mutuncinsu.

3.1 Ma'anar Sunan da Asalinsa

Sunan “masu ruhi biyu” ba daɗaɗɗe ba ne. An amince da shi a shekarar 1990 a wani taron 'yan asalin Kanada da Amurka da aka yi kusa da birnin Winnipeg na lardin Manitoba, kuma ana danganta kawo shi ga wata dattijuwa mai suna Myra Laramee. Kafin wannan lokaci masana ilimin al'adu suna amfani da kalmar berdache, wadda ta shigo ta hanyar Faransanci, asalinta kuwa tana nufin yaron da aka bautar ake lalata da shi. Ke nan kalma ce ta cin mutunci, shi ya sa mahalarta taron suka yi watsi da ita.

Abin da sunan yake nufi shi ne mutum ɗan asalin ƙasa wanda ɗabi'arsa ko shigarsa ko aikinsa a cikin al'umma ya haɗa abin da aka sani da na maza da kuma na mata, ko kuma bai tsaya a ɗayansu ba. Sai dai wajibi ne a lura da cewa kowace ƙabila tana da nata sunan da nata tsarin. Nabaho suna cewa nádleehí, Lakota suna cewa winkte, Zuni kuwa lhamana. A wasu ƙabilu irin waɗannan mutane su ne masu magani, ko masu raɗa wa jarirai suna, ko masu shiga tsakanin mata da miji idan an sami saɓani, ko masu riƙon marayu. A wasu kuwa ba a ba su wani matsayi na musamman ba. Alal misali We'wha, daga ƙabilar Zuni, ya shahara a saƙa da ginin tukwane da sanin al'adun gargajiya, har ya je birnin Washinton a 1886 ya gana da Shugaba Grover Cleveland, mutanen birnin kuma suka karɓe shi a matsayin mace. Haka kuma Osh-Tisch na ƙabilar Crow, wanda ke shigar mata, ya yi yaƙi a fagen Rosebud a 1876.

A nan mai karatu Bahaushe zai iya tuno 'yan daudu, kuma lallai akwai kama ta fuskar shiga da sana'a. Amma mai nazari yana ganin kuskure ne a ɗauka abu ɗaya ne. Shi wannan suna 'yan asalin Amurka ta Arewa suka ƙirƙira wa kansu, yana ɗauke da tarihin ƙasarsu da addininsu na gargajiya, kuma ba su yarda wanda ba ɗan ƙabilunsu ba ya ara ya yafa.

3.2 Yadda Aka Raba Su da Matsayinsu

Tun farkon zuwan Turawa aka fara farautar irin waɗannan mutane. A 1513 Basifaniye Balboa ya sa karnuka suka yayyage maza kimanin 40 a yankin Panama saboda ya same su cikin shigar mata. Amma abin da ya fi yin ɓarna a Kanada shi ne doka da makaranta.

Dokar Indiyawa ta 1876 ta mayar da gadon ƙabila ta wajen uba kaɗai, har macen da ta auri wanda ba ɗan ƙabila ba takan rasa matsayinta. Daga baya aka haramta wasu manyan bukukuwan gargajiya, haramcin da bai kau ba sai 1951. Daɗin daɗawa, gwamnati da majami'u suka kafa makarantun kwana inda aka kai yara kimanin 150,000, da yawansu ba da son iyayensu ba. Da zarar yaro ya shiga sai a aske masa gashi, a canza masa suna ko a ba shi lamba, a hana shi magana da harshensa. Ana raba maza da mata ta kowace fuska: ɗakin kwana daban, tufafi daban, aiki daban. Ke nan yaron da a garinsu yana da gurbi na uku, a makaranta ba shi da inda zai tsaya sai inda aka tura shi, in ya ƙi kuwa ya sha bulala. Waɗannan makarantu ba su gama rufewa ba sai a ƙarshen shekarun 1990.

Illar da wannan ya haifar ita ce ta fi muhimmanci ga wannan nazari. Yaran da suka fito daga makarantun su ne suka zama iyaye da kakanni da dattawan gari. Da yawansu sun koma gida da ƙyamar abin da kakanninsu suka ɗauka ba komai ba ne, wasu ma sun ɗauka ƙyamar ita ce al'adar gargajiya. Saboda haka matashi mai ruhi biyu a yau yakan sha tsangwama a cikin gidansu da sunan al'ada, alhali a wasu ƙabilun al'adar ta asali ba ta kore shi ba.

3.3 Halin da Matasan Suke Ciki

Matsalarsu ninki biyu ce. A ƙauye ana guje musu saboda yanayinsu, idan kuma suka gudu birane irin su Winnipeg ko Toronto ko Vancouver sai su haɗu da wariyar launin fata, har ma a cikin ƙungiyoyin farar fata da suke cewa suna kare masu irin halinsu. Daga nan sai kwanan titi, da shaye-shaye, da faɗawa hannun masu lalata da yara, da yunƙurin kashe kai. Akwai kuma batun gidajen riƙo na gwamnati. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 53.8 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 15 da ke hannun masu riƙo 'ya'yan 'yan asalin ƙasa ne, alhali ba su wuce kashi 7.7 na yaran ƙasar ba. Yaron da aka ɗauke daga danginsa aka kai gidan baƙi da wuya ya taɓa jin cewa harshensu yana da suna ga irinsa.

Kisa ma yana aukuwa. A maƙwabciyar ƙasa Amurka, a shekarar 2001, an kashe Fred Martinez, ɗan ƙabilar Nabaho mai shekara 16, a garin Cortez na jihar Colorado. Mahaifiyarsa ta karɓe shi yadda yake, amma karɓuwar gida ba ta kare shi a waje ba.

3.4 Hanyoyin Tallafi

3.4.1 Harshe da Al'ada

Hujja mafi ƙarfi a wannan fage ta fito ne daga binciken Chandler da Lalonde (1998) a lardin British Columbia. Sun duba al'ummomi kusan 200, suka gano cewa kashe kai a tsakanin matasa bai yaɗu bai ɗaya ba. Fiye da rabin al'ummomin ba a sami ko mutum ɗaya ba a shekarun da aka bincika, wasu ƙalilan kuwa abin ya yi muni ƙwarai. Da suka nemi dalili sai suka ga al'ummomin da suke riƙe da mulkin kansu, da makarantunsu, da harkar lafiyarsu, da 'yan sandansu, da wurin raya al'ada, suke kuma fafutukar ƙwato ƙasarsu, su ne suka fi tsira. Daga baya Hallett da Chandler da Lalonde (2007) suka ƙara da batun harshe: inda fiye da rabin jama'a suke iya hira da harshensu, kashe kai tsakanin matasa ya yi ƙasa matuƙa, inda kuwa ba su kai rabi ba ya ninka fiye da sau shida.

Gaskiya ne ba a kan masu ruhi biyu kaɗai aka yi waɗannan bincike ba. Amma darasin ya shafe su kai tsaye, domin idan al'ada ita ce garkuwar matashi, to wanda aka kora daga wurin al'ada an ƙwace masa garkuwar da 'yan'uwansa suke da ita. Wannan ne ya sa Alex Wilson, malama a Jami'ar Saskatchewan kuma 'yar ƙabilar Cree ta Opaskwayak, ta kawo wata fahimta da ta sha bamban da ta Turawa. Su Turawa suna maganar mutum ya fito ya bayyana kansa, ko da hakan zai raba shi da danginsa. Ita kuwa ta ce abin da ɗan ƙabila yake bukata shi ne ya shigo, wato ya dawo cikin da'irar dangi da ƙasa da harshe ya zauna a gurbinsa. A ganin mai nazari wannan ita ce ginshiƙin duk sauran hanyoyin.

A aikace, hakan yana nufin neman dattawan da suka san tsofaffin sunaye da labarai su zauna da matasa, da fita da su daji domin koyon farauta da su da haɗa magani, ba tare da an ce wannan aikin maza ne wancan na mata ba.

3.4.2 Bukukuwa da Wuraren Ibada

Nan ne aka fi samun taƙaddama. A wurare da dama ana bukatar mace ta ɗaura dogon siket kafin ta shiga bukkar gumi ko wani bikin ibada, ana kuma zaunar da maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya. A taron rawa da ake kira pawaw ma akwai rawar maza da rawar mata. Matashin da bai dace da wannan rabo ba sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya sa abin da yake jin ba nasa ba ne, ko ya tsaya a waje. Wasu jagororin ibada sun sassauta, suna barin mutum ya zauna inda zuciyarsa ta natsu. Wasu sun ce ba su da ikon canza abin da aka danƙa musu. Saboda haka masu ruhi biyu suka fara shirya nasu taron. A 2012 wata ƙungiyarsu ta fara pawaw a birnin San Francisco inda kowa yake rawar da ya zaɓa, daga baya irinsa ya bazu zuwa biranen Kanada. Wannan ya rage raɗaɗi, sai dai akasari a birni ake yi, yaron ƙauye kuwa ba shi da kuɗin jirgi.

3.4.3 Iyali, Makaranta da Asibiti

Binciken Ryan da abokan aikinta (2009) a Amurka ya nuna cewa matasan da iyayensu suka yi musu mummunar ƙyama sun fi waɗanda aka karɓa yunƙurin kashe kai fiye da sau takwas. Shi ya sa ma'aikatan jin daɗin jama'a suke fara aiki da iyaye da kakanni, ba da yaron kaɗai ba. Sau da yawa kaka ɗaya ko gwaggo ɗaya da ta tsaya masa ta isa ta hana shi barin gida. A makaranta da asibiti kuwa abubuwan da ake nema ƙanana ne: a kira shi da sunan da ya zaɓa, a hana sauran yara cin zalinsa, a kuma rufa masa asiri. Wannan na ƙarshe yana da wuya a ƙauyen da ma'aikaciyar jinya ƙanwar mahaifiyarsa ce ko maƙwabciyarsu.

3.4.4 Ƙungiyoyi da Hukuma

Ƙungiyoyinsu sun riga gwamnati nisa. Tun 1975 Randy Burns da Barbara Cameron suka kafa ta farko a San Francisco, kuma a 1989 aka kafa wata a Toronto, lokacin da cutar ƙanjamau take kashe mutanensu. Hukuma ta biyo baya a hankali. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta miƙa rahotonta a 2015 da shawarwari 94 kan makarantun kwana, amma ba ta yi dogon bayani kan masu ruhi biyu ba. Rahoton binciken ƙasa kan mata 'yan asalin ƙasa da suka ɓace ko aka kashe, wanda ya fito a 2019 da bukatu 231, shi ne ya ware musu sashe na musamman. A 2020 dokar da ta ba ƙabilu ikon kula da riƙon 'ya'yansu ta fara aiki, a 2022 kuma gwamnatin tarayya ta ware dalar Kanada miliyan 100 na shekara biyar ga shirin da ya haɗa su da sauran masu bambancin jinsi, ta sa sunansu a farko.

Sai dai ikon kai ba kullum yake zuwa da karɓuwa ba. Majalisar Nabaho, ƙabilar da take da kalmar nádleehí, ita ce ta zartar da doka a 2005 da ta hana auren jinsi ɗaya a ƙasarta. Ke nan idan aka mayar wa ƙabila ikon riƙon 'ya'yanta, kamar yadda dokar 2020 ta yi, makomar yaro mai ruhi biyu ta koma hannun dattawan garinsu, waɗanda da yawansu makarantun kwana suka rena. Wannan ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin matasan suke neman a ba su kujera a kwamitocin da ke rubuta dokokin riƙo na kowace ƙabila, tun kafin a gama rubuta su.