Shin Tsuntsun Fengwin Yana Da Gwiwa? Amsar Na Jikin Kazar Gidanku

Masu yawo a TikTok sun saba cin karo da bidiyon fengwin, tsuntsun nan mai baƙin baya da farin ciki da ke rangaji a kan ƙanƙara kamar an ɗaure masa ƙafafu. 'Yan kwamfuta kuma sun san shi da sunan Tux, tambarin Linux tun 1996, kuma a kan Linux ɗin aka gina Android. Tambayar da ke yawan tasowa ita ce: anya wannan halitta tana da gwiwa?

Tana da ita, har da ƙoƙon gwiwa. Ɓoye take kawai.

Ba sai an je Antaktika ba kafin a gane. A dubi shamuwa idan ta sauka da farkon damina, ko balbela tana bin shanu a fadamun Bukkuyum. Gaɓar nan da ke lanƙwashewa ta baya a tsakiyar ƙafarsu, wadda kowa ke kira gwiwa, idon sawu ce. Wato tsuntsu a kan yatsunsa yake tafiya, dunduniyarsa na sama. Gwiwar gaskiya tana can manne da jiki, gashi ya rufe ta, kuma gaba take kallo kamar ta mutum. Duk wanda ya taɓa raba cinyar kaza biyu a wurin mai gashi, a daidai gwiwar ya karya ta.

Ƙasusuwan fengwin ma haka suke jere: gajeren ƙashin cinya, gwiwa, dogon ƙashin ƙwauri, sai idon sawu. Bambancin shi ne kusan dukkansu suna cikin fata da kitse, ga ƙashin da ke tsakanin idon sawu da yatsu ya gajarce ƙwarai. A hoton ƙashi, sai a gan shi tamkar mutum a tsugune. Tsayuwar da ake gani yana yi, tsuguno ce.

Dalili shi ne ruwa. Ƙafafun sun koma can ƙarshen jiki don su zama sitiyari yayin iyo, fukafukai na tuƙi. Ƙafar da ke cikin jiki kuma ba ta zubar da ɗumi.

A tudu ne yake biyan farashi, domin yana ƙona kusan ninki biyu na ƙarfin da wata dabba mai nauyinsa ke ƙonawa a tafiya. An daɗe ana ɗora wa rangajin laifi, amma a shekarar 2000 Timothy Griffin da Rodger Kram suka auna takun manyan fengwin a San Diego ta Amurka, suka gano akasin haka. Gajerun ƙafafu ne ke cin ƙarfin. Rangajin kuwa yana aiki kamar lilo, yana maido da har kashi 80 cikin 100 na ƙarfin wani takun zuwa na gaba.