Ta'aziyya, Jaje da Barka da Arziki: Kalmomin Ban Haƙuri a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, sau da yawa an sa ni cikin tawagar da ake turawa gaisuwa idan wani abu ya sami ma'aikaci ko wata unguwa. A nan na lura cewa dattawa ba sa furta kalmar ban haƙuri da ka, domin kowace asara da sunan gaisuwarta da kuma addu'arta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wannan bambanci yake neman ɓacewa a bakin yaranmu, har ma a wasu kafafen yaɗa labarai, inda akan ji an ce wane ya jajanta wa iyalan mamaci.

Ta'aziyya

Kalmar ta'aziyya daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta shi ne ƙarfafa wa mutum zuciya ya daure. Bahaushe ya keɓe ta ga mutuwa kaɗai. Da yake wanda ya tafi ba ya dawowa, ba a yi wa masu rashi addu'ar a mayar masu da shi. Abu biyu ake roƙo, wato rahama ga mamaci da haƙuri ga waɗanda ya bari.

Mai gaisuwa yakan durƙusa, ya sassauta murya, ya ce, "Ashe haka Allah ya yi ikonsa? Yaya haƙuri?" Sai a amsa masa, "Haƙuri sai godiya." Daga nan ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." Idan ya tashi tafiya a ce masa, "Allah ya ba da lada." Wanda ya sake komawa bayan kwana biyu kuwa cewa zai yi, "Yaya ƙarin haƙuri?"

Haka kuma addu'ar takan bi shekarun mamaci. Idan dattijo ne mai iyali akan ƙara da, "Allah ya albarkaci bayansa." Idan ƙaramin yaro ne, wanda alƙalami bai hau kansa ba, sai a ce wa iyayen, "Allah ya sa mai ceto ne." Jariri ma ba a cewa ya mutu, sai dai a ce ya koma, kuma mata sukan ce wa uwar, "Allah ya kawo rayayye." Zaman makoki kwana uku ne, amma matar mamaci tana takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da juna biyu, kuma duk tsawon lokacin akan leƙa ta da wannan gaisuwa.

Jaje

Jaje shi ne gaisuwar asarar da ba ta rai ba, kamar gobara, ko sata, ko ambaliya, ko rushewar gida, ko ɓatan yaro ko dabba. A nan akwai fatan abin ya dawo ko a sami madadinsa, don haka addu'ar ta sauya. Wanda shagonsa ya ƙone, kamar yadda ya faru da ɗimbin 'yan kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016, akan ce masa, "Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba." Wanda ɗansa ya ɓata kuwa, "Allah ya bayyana." Kuskure ne babba a je gidan da ake neman yaro a ce yaya haƙuri, domin uwar za ta ɗauka an ji wani mugun labari ana ɓoye mata.

Barka da Arziki

Wannan ita ce gaisuwar wanda ya tsallake rijiya da baya. Arziki a nan ba dukiya ake nufi ba, rai ne da ya saura. Ranar 4 ga Mayu, 2002, wani jirgin sama ya faɗo kan gidaje a unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, mutum fiye da 100 suka rasu. Na shiga unguwar bayan kwana biyu tare da wani dattijo. A lungu ɗaya ya yi ta'aziyya a gidan farko, ya yi jaje a na biyu inda gini kawai ya rushe, a na uku kuma ya ce wa mai gidan barka da arziki. Kafin mu shiga kowane gida sai ya tambayi maƙwabta abin da ya same su, don kada ya fama wa wani ciwo.

Dubiya da Lallashi

Zuwa wurin marar lafiya dubiya ce. Akan ce, "Sannu, yaya jiki?" shi kuma ya ce, "Da sauƙi," ko da ciwon ya tsananta, domin Bahaushe yana ganin ambaton sauƙi fata ne nagari. Sai a ce, "Allah ya sa kaffara ne." Lallashi kuwa na yaro ne mai kuka, ko amarya ranar kai ta ɗaki, ko wanda aka ɓata wa rai.

Kammalawa

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma idan ƙafa ta kai mutum, baki ne yake ƙarasa aikin. Yau saƙon waya ya rage tattaki, har wasu matasa sun koma rubuta haruffa uku na Turanci a madadin addu'a. Roƙona ga malaman makaranta shi ne su riƙa sa ɗalibai suna gwada waɗannan gaisuwa a darasin Hausa, ɗaya ya gaisar ɗaya ya amsa. Iyaye kuma su riƙa tafiya da 'ya'yansu wurin gaisuwa, domin mu ma a bayan iyayenmu muka durƙusa muka koya.