Layun Yahudawa: daga ɗakin mai jego zuwa rumfar zaɓe

A zaɓen Isra'ila na 1996, jam'iyyar Shas ta raba wa jama'a layu ɗauke da hoton Yitzhak Kaduri, dattijon malamin asirai haifaffen Bagadaza. Kujerunta a majalisa suka tashi daga 6 zuwa 10. Ba layun kaɗai suka kawo ƙuri'un ba, amma sun ba 'yan bokon ƙasar mamaki, domin sun ɗauka wannan al'ada ta daɗe da mutuwa.

Tushenta yana cikin haruffa. Ibrananci na da haruffa 22, kuma tsohon littafin Sefer Yetzirah ya koyar da cewa da su aka halicci duniya. Kowane harafi na da lambarsa, kamar yadda masu hisabi ke ƙirga na Larabci. Haruffa biyu, het da yud, su ne kalmar "mai rai", jimillarsu 18. Shi ya sa ake ba da sadaka 18 ko 36, ake kuma ƙera haruffan da zinariya a rataya a wuya.

Abin ya tsufa ƙwarai. A 1979 aka tono ƙananan layu biyu na azurfa a Ketef Hinnom da ke Kudus, naɗaɗɗu, masu addu'ar albarka daga Attaura, waɗanda suka kai shekara 2,600. Littafin Raziel da aka buga a Amstadam a 1701 kuwa, daga cikinsa ake kwafo sunayen mala'iku uku a rataya a ɗakin mai jego, don kada aljana Lilit ta taɓa jariri.

A ganina, siyasa ce ta fi fito da layu fili. Yahudawan Maroko da Iraƙi da suka kwararo Isra'ila bayan 1948 sun sha raini wurin 'yan'uwansu na Turai, waɗanda suka kira al'adunsu camfi. Da Shas ta kafu a 1984 don ta wakilce su, riƙe layar malami ya zama hanyar cewa mu ma da namu.

Sai kasuwa ta shigo. Jan zaren tsari da mawaƙiya Madonna ta ɗaura a hannu ya zama kayan kwalliya, haruffan kuma suka koma wuyan mutanen da ko karanta su ba su iya ba. Suka kuwa ba yau aka fara ba: tun kafin rasuwarsa a Masar a 1204, malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun ya caccaki masu rubuta layu, ya kira aikinsu wauta. Masu sukar yau sun ƙara da zargin cewa ana tatsar kuɗin marasa lafiya da matan da ke neman haihuwa.