Jirgin Koyon Tuƙi Da Ya Shiga Fagen Fama

A cikin shekarar 1952 ne kamfanin Fouga na ƙasar Faransa ya fara gwada wani ɗan ƙaramin jirgin sama mai suna Magister. An ƙera shi ne musamman domin koya wa samarin mayaƙan sama tuƙi, ɗalibi a gaba, malami a bayansa. Jelarsa reshe biyu ce kamar gwafa. An ƙera fiye da 900.

To, amma bai tsaya ga aikin makaranta ba. A 1961, lokacin rikicin Kwango, 'yan tawayen Katanga suka ɗora wa guda ɗaya bama-bamai, ya addabi rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda har da sojojin Nijeriya a cikinta.

Magajinsa, wato Alpha Jet, wanda Faransa da Jamus suka haɗa hannu suka ƙera, shi ma haka ta faru da shi. Nijeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980, sai ga su suna yaƙi a Laberiya da Saliyo, daga baya kuma aka tura su kan Boko Haram. Dalili kuwa shi ne, sun fi manyan jiragen yaƙi araha da sauƙin gyara.