Gahawa da Bashin Barci: Yadda Abin Wartsakewa Ke Komawa Kasala

Ƙarfe goma na dare ta wuce, amma a teburin mai shayi da ke bakin tasha sai ka ce yanzu gari ya waye. Direban da zai kwana a hanya ya zauna kan benci yana cewa, "Malam, juye mini Nescafé biyu, kada ka sa madara." Ɗalibin da jarrabawa ke jiransa da safe ya miƙa kofinsa. Maigadi ya ɓare goro ya jefa a baki. Dukansu idon da ba zai rufe ba suke nema, kuma sinadari ɗaya ne ke ba su shi, wato kafeyin, wanda ke cikin gahawa da ganyen shayi da goro da lemunan ƙara kuzari.

Ka same su da hantsi, kukansu iri ɗaya ne. Jiki ya mutu, kai ya yi nauyi, tunani ya dushe kamar gari a tsakiyar hazon hunturu. Maganin da ya fi kusa da hannu kuwa shi ne wani kofin.

Asalin lamarin yana cikin ƙwaƙwalwa. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin ke taruwa a cikinta sannu a hankali. Yana da gurabunsa na musamman a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma idan ya zauna a cikinsu sai aikin ƙwayoyin ya lafa, hamma ta zo, gyangyaɗi ya biyo baya. Barci ne ke kwashe shi. Shi kuwa kafeyin ƙirarsa ta yi kama da ta adinosin, don haka yakan riga shi shiga gurbin ya toshe. Aikinsa ɗaya ne da na yaron da aka tsayar a zaure yana gaya wa masu bin bashi cewa maigida ba ya nan. Bai biya ko kwabo ba, su kuma ba su tafi ba, sai ma ƙaruwa da suke yi a ƙofar gida. Da hanta ta narkar da kafeyin, zaure ya buɗe, sai gajiyar da aka tare ta afko gaba ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce kafeyin ba ya barin jiki da wuri. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya kai ƙololuwarsa a jini, amma ga yawancin manya sai an yi kimanin awa 5 sannan rabinsa ya fita. Wanda ya sha miligiram 200 bayan sallar la'asar, wato kamar kofi biyu na gahawa, da ƙarfe tara na dare akwai sauran kusan 100 a jininsa, da ƙarfe biyu kuma wajen 50. A jikin mai juna biyu yakan daɗe fiye da haka sosai.

A shekarar 2013, Christopher Drake da abokan aikinsa na asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun ba mutane miligiram 400 a lokuta daban-daban gabanin kwanciya. Ko waɗanda suka sha saura awa 6 su kwanta, na'ura ta nuna barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya. Wannan ya shafi masu bugun ƙirji da cewa, "Ni ko yanzu na sha, barci zan yi." Ido yana iya rufewa, amma barci mai nauyi, wanda shi ne ke sauke gajiya, ya ragu. Mutum ya tashi a gajiye, ya ƙara kofi, daren gobe ya sake lalacewa.

Daga nan sai sabo ya shigo. Gwaje-gwaje kan dabbobi sun nuna cewa idan ana toshe gurabun adinosin kullum, ƙwaƙwalwa takan ƙara yawansu, abin da kofi ɗaya ke yi a da sai ya koma na biyu. Farfesa Peter Rogers na Jami'ar Bristol a Ingila ya gwada mutum 379 a binciken da aka wallafa a 2010. An hana su kafeyin na awa 16, sannan aka ba wasu sinadarin, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki. Mashaya gahawa da suka sami kafeyin ba su fi waɗanda ba su saba sha ba wartsakewa. Kofin safen ya mayar da su ne kawai inda sauran mutane suke tun farko.

Rashin kafeyin ma ciwo ne da likitoci suka sani. Nazarin da Laura Juliano da Roland Griffiths suka fitar a 2004 ya nuna alamun kan fara awa 12 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, su ɗauki kwana 2 zuwa 9: ciwon kai, kasala, saurin fushi, da kasa tattara hankali. Miligiram 100 a rana ya isa ya jawo su. Duk mai cin goro ko mai zaman shayi a fada a Zinder da Maraɗi ya san ciwon kan da ke sauka da azahar a ranakun farko na azumi. Yunwa da ƙishirwa suna da nasu kason, rashin kafeyin ma yana da nasa.

Wannan bai mai da gahawa guba ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Turai sun ɗauki miligiram 400 a rana a matsayin abin da ba ya cutar da yawancin manya masu lafiya, ta Turai kuma ta sa wa masu ciki iyakar 200. Sai dai a yi lissafin da gaskiya, a haɗa da shayin safe da goron yini da lemon gwangwani. Mai son barcinsa ya gyaru ya tsayar da sha daga azahar. Mai son ragewa ya bi a hankali cikin mako biyu ko uku, kuma mai shirin azumi zai fi samun sauƙi idan ya fara tun cikin Sha'aban.

Wanda abin ya fi yi wa barazana shi ne direban nan na kan benci. A 2016, masu bincike a cibiyar Walter Reed ta sojojin Amurka sun taƙaita barcin mutane zuwa awa 5 a kowane dare na kwana biyar, suna ba su miligiram 200 sau biyu a rana. Bayan dare uku, kafeyin ya daina ƙara musu kaifin hankali. Direban da ya kwana uku yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas yana cikin wannan halin, da fasinja goma sha takwas a bayansa. Idan ya ji hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa, abin da ya kamace shi shi ne ya gangara gefen titi inda akwai jama'a, ya kashe mota, ya kwanta.