Daga "Tasgut bas" zuwa "Bal bas": yadda taken siyasa ke rufe bakin mai tambaya a Sudan

Garin Doka yana jihar Gadarif a gabashin Sudan, kan hanyar da ta nufi Gallabat, bakin iyakar Habasha. Yanki ne na noman dawa da riɗi, kuma jihar na cikin wuraren da Hausawa suka daɗe da zama. Abin da ke gaban manomi a nan shi ne ruwan damina, kuɗin man tarakta da farashin da amfanin gona zai yi a kasuwar Gadarif. Sai dai tun daga 2018 zuwa yau, mai son ya tambayi shugabanni game da waɗannan abubuwa yakan sha amsa da gajeren take, wanda sau da yawa ke ƙarewa da kalmar "bas". A Larabcin Sudan, ma'anarta "kawai", ko "shi ke nan, magana ta ƙare".

Inda abin ya samo asali

Masu mulki ne suka fara wannan salo na raina mai suka. A zamanin Umar al-Bashir, wanda ya ƙwaci mulki ranar 30 ga Yunin 1989, na hannun damansa Nafi Ali Nafi ya kwatanta yunƙurin kifar da gwamnatin da mutum ya lashi gwiwar hannunsa, wato abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Masu zanga-zangar watan Yunin 2012 suka ɗauki maganar suka mayar masa, suka sa wa wata Juma'arsu suna "Juma'ar lasar gwiwar hannu".

Matsalar da ta fito da mutane titi kuwa ta aljihu ce. Ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, kuɗin shiga ya ragu, kaya suka yi ta tsada. A watan Disamban 2018 farashin burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3. Ranar 19 ga watan mutanen Atbara suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki. Washegari bore ya ɓarke a birnin Gadarif, aka rasa rayuka, aka kafa dokar ta-ɓaci.

A lokacin ne taken "Tasgut bas" ya karaɗe ƙasar, ma'ana gwamnati ta faɗi kawai. Magoya bayan Bashir suka fito da nasu, "Tagud bas", wato ta zauna kawai. Ranar 11 ga Afrilun 2019 sojoji suka sauke Bashir. Da Janar Awad Ibn Auf ya hau, masu zaman dirshan a gaban hedkwatar soja suka ce "Tasgut tani", ta sake faɗuwa. Kwana ɗaya ya yi ya sauka, Janar Abdel Fattah al-Burhan ya karɓa.

Amfanin take da iyakarsa

Babu shakka "Tasgut bas" ya yi aiki. Ya haɗa likita da ɗan acaɓa, mutumin Darfur da na gabas, ɗan gurguzu da ɗan ɗariƙa, ya kuma toshe ƙofar da gwamnati ta saba bi, ta jan 'yan adawa cikin tattaunawar da ba ta ƙarewa. Amma taken bai faɗi abin da za a yi bayan faɗuwar ba. Wannan giɓin ya fito fili da aka rantsar da Abdalla Hamdok a matsayin firaminista a watan Agustan 2019.

Magoya bayansa suka ƙirƙiro "Shukran Hamdok", wato mun gode Hamdok. Gwamnatinsa ta samu wasu nasarori, ciki har da cire Sudan daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da taimakon ta'addanci a watan Disamban 2020. Amma ita ce kuma ta janye tallafin mai, ta karya darajar kuɗi a watan Fabrairun 2021 daga fam 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya. A tsakiyar shekarar, hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari.

Ga manomin Doka, wannan na nufin kuɗin huɗa, na girbi da na kai kaya kasuwa duk sun ninka. Yana da haƙƙin ya tambaya: me aka tanadar wa mai ƙaramar gona? Amma a wancan yanayi, mai irin wannan tambaya na iya shan laƙabin "koz", jam'insa "kizan". Asalin kalmar moɗar shan ruwa ce, amma an mayar da ita sunan raini ga 'yan tsohuwar gwamnatin masu ra'ayin Islama. Su kuma masu adawa suka mayar da "Shukran Hamdok" abin zolaya a layin mai da na burodi. Kowane ɓangare ya samu abin jifan ɗan'uwansa, tambayar kuɗin man tarakta ta ɓace a tsakani.

Ko shi Hamdok ɗin bai tsira ba. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, ya sa hannu a yarjejeniya da Burhan ranar 21 ga Nuwamba, sai da yawa daga masu yi masa godiya jiya suka kira shi maci amana. Ya yi murabus ranar 2 ga Janairun 2022.

Take a lokacin yaƙi

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, sai "bas" ta sake dawowa. Magoya bayan soja suka ɗauki "Bal bas", wato a ci gaba da dukan abokan gaba kawai, babu sulhu. Masu adawa da su na kiran su "balabsa". Su kuma suna kiran 'yan ƙawancen farar hula na 'yanci da sauyi "gahata", daga taƙaitaccen sunan ƙawancen, wanda furucinsa ya yi kama da kalmar Larabci mai nufin fari. Wanda ya ce a dakatar da yaƙi, sai a zarge shi da goyon bayan RSF. Wanda ya ambaci ta'asar RSF, sai a ce "koz" ne.

Jihar Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka tsere daga Khartum da jihar Jazira, ga kuma 'yan gudun hijirar Tigray da ke sansanin Um Rakuba, kusa da Doka, tun ƙarshen 2020. A irin wannan hali, tambayar wa ya yi kuskure, wa ya ci kuɗin agaji, wa ya kasa kare gari, magana ce ta rai da mutuwa.

Ga Hausawan Sudan lamarin ya fi nauyi. Duk da cewa wasu kakanninsu na can tun kafin yaƙin Burmi na 1903, ta hanyar aikin hajji, har yanzu akan yi musu gorin baƙunta. A watan Yulin 2022, bayan rikicin jihar Blue Nile, sun yi zanga-zanga a Kassala, Gadarif da Khartum. Al'ummar da ake iya rufe wa baki da kalma ɗaya ita ce ta fi asara idan laƙabi ya maye gurbin hujja.

Abin da muka sani a gida

Mai karatu a Maraɗi ko Kano ba zai ji wannan baƙo ba. A Nijar, "tazarce" ta raba jama'a gida biyu a 2009, har sojoji suka kifar da Tandja Mamadou ranar 18 ga Fabrairun 2010. A arewacin Najeriya, "Sai Baba" ya taimaka wajen kai Muhammadu Buhari ga mulki a 2015, amma shekaru da dama mai kukan tsadar shinkafa ko kashe-kashen Zamfara yakan ji an ce masa ɗan adawa ne, ko biyan sa aka yi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane lokacin da take ya zama garkuwar shugaba. Idan an kawo ƙorafi mai lamba da rana da wuri, a duba amsar da aka bayar: ta taɓa ƙorafin, ko kan mai ƙorafin ta sauka? Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai goyon bayan da ya hana a faɗa wa gwaninsa gaskiya, shi ma gobe zai tsaya a layin man da ake kuka a kai, kuma a farashi ɗaya za a sayar musu.