Yadda Ake Yi Wa Suna Kuɗi A Kasuwar Intanet

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko kuwa wadda ta ratsa Dawanau ta nufi Bichi, ya san cewa a wannan yanki babu ƙasar da ke zaune banza. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu. Saboda haka mutanen wurin sun gwanance wajen yi wa gona kuɗi. Mai saye zai dubi kusancinta da titi, da irin takin da ta sha, da itatuwan ɗorawa da kuka da ke cikinta, sa'an nan ya bincika ko akwai rigimar gado a kanta.

To, wani ciniki mai kama da wannan ya fara jan hankalin ɗalibai da ƙananan ma'aikata, watau sayen sunan adireshi na intanet da araha, a ajiye shi har mai bukata ya zo ya taya. Labarin da ya fi ruɗin mutane shi ne na wata ƙungiyar manoma ta Amurka, American Farm Bureau Federation, wadda ta daɗe tana riƙe da sunan fb.com. A shekarar 2010 kamfanin Facebook ya saye shi, daga baya ƙungiyar ta bayyana cewa ta sami dala miliyan 8.5 daga sayar da sunayenta. A 2019 kuma aka sayar da voice.com a kan dala miliyan 30.

Abin lura a nan shi ne, haruffa biyun nan ba su yi wannan daraja ba sai da aka sami attajirin da ba shi da makawa sai su. Masu wannan sana'a suna duba gajartar suna, da sauƙin faɗarsa, da yawan masu nemansa, da wutsiyarsa, domin har yanzu .com ita ce bakin titi. Suna kuma kwatanta shi da kuɗin da aka sayar da makamantansa, kamar yadda dillali kan tuna nawa aka sallama gonar maƙwabci bara. Amma duk wannan ƙiyasi ne, kuɗin gaskiya sai ranar da aka taya.

Sunayen Hausa kuwa suna da tasu matsala. Adireshin da aka saba da shi ba ya ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, don haka riɗi sai ya koma ridi, zoɓo ya koma zobo, ƙasa da kasa su zama abu guda. Ɗambatta ma, wasu da "m" suke rubuta ta, wasu da "n". Wanda ya riƙe ɗaya ya bar wa wani rabin masu wucewa. Bugu da ƙari, kasuwar Dawanau tana tura zoɓo har Meziko, riɗi har Japan da Turkiyya, amma baƙon da ke neman kayan da sunansu na Turanci yake nema. Sunan Hausa, komai daɗinsa a kunnenmu, masu tayinsa 'yan gida ne, kuma yawancin fataken hatsi har yau da waya da amana suke ciniki. A ganina wannan shi ne abin da masu kwaɗaita wa matasa sana'ar ba su cika faɗa ba.

Har ila yau, mai suna ɗan haya ne. Kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna ta bar wa manomi ikon amfani, haka sunayen da ke ƙarewa da .ng suke ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005. Ana biyan kuɗin sabuntawa shekara-shekara, in aka yi sakaci wa'adi ya wuce, wani ya ɗauka. Mai sunaye 100 zai biya haya 100 kowace shekara, ko an taya ko ba a taya ba. Gona dai kafin mai saye ya zo tana ba da gero da wake. Suna ba ya ba da ko zangarniya.

Akwai kuma rigimar gado irin tasu. Tun 1999 hukumar ICANN ta kafa ƙa'idar da ta ba kamfani damar ƙwace sunan da wani ya yi wa rajista da mugun nufi a kan alamar kasuwancinsa, ba tare da biyan diyya ba. Sunayen .gov.ng kuwa na hukumomin gwamnati ne kaɗai, .edu.ng na manyan makarantu, ba sa shiga kasuwa. Inda ma'aikatu da ƙungiyoyin manoma suka fi faɗawa rami shi ne su bar wanda ya gina musu shafi ya yi rajistar adireshin da sunansa. Ran da aka ɓata da shi, sai a wayi gari ofis yana taya sunan kansa a hannun tsohon ɗan kwangila.